Muna biyan tikiti, amma ba ma zama inda ake yanka shi



A zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da muke adana takardu a ciki. Kwanakin baya muna kakkaɓe shi, sai muka ci karo da wata wasiƙa da ta zo shekarun baya daga majalisar gundumarmu, wadda kowa ke kira Asambili. Gayyata ce zuwa zaman shawara da ake yi kafin a tsayar da kuɗaɗen da 'yan kasuwa da masu shaguna da masu gidaje za su biya a shekara mai zuwa. A gefen takardar ga rubutun hannunmu da ajami: an karɓa. Amma ba a je ba. Mun tuna dalili sarai, ranar ta haɗu da ɗaurin aure biyu da addu'ar arba'in, kuma babu wanda ya ga ya kamata a raba ƙafa. Da sabuwar shekara ta kama, wannan zaure ya cika da mata masu sayar da hatsi da albasa, suna kukan an ƙara musu tikiti ba tare da an shawarce su ba. Mu ne muka rubuta musu takardar koke, kuma kunya ta hana mu gaya musu cewa an gayyace mu tun kafin a yanke.

Mun fara da laifin kanmu ne domin kada wani ya ɗauka da shi muke. Abin da muke son faɗi shi ne, mutanen Nima da Maamobi sun iya siyasar sama, sun yi sakaci da ta ƙasa, alhali kuwa a ta ƙasan ake yanke abin da ya shafi gota da bola da rumfar kasuwa da takardar izinin shago.

Bari mu tuna wa matasa yadda abin yake, don da yawa sun san sunan kowane minista amma ba su san ginin Asambilinsu ba. An kafa majalisun gunduma a Gana a 1988, tsarin mulkin 1992 kuma ya tabbatar da su, har ya wajabta a ware musu abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a wani asusu na bai-ɗaya. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 936 ta shekarar 2016. Kashi 70 cikin 100 na 'yan majalisar mu ne muke zaɓensu, mutum ɗaya daga kowace mazaɓa, sauran kuma Shugaban Ƙasa ke naɗa su. A ƙarƙashinsu akwai kwamitin unguwa na mutum biyar. Ba a tsayawa da tutar jam'iyya, ba a kuma biyan kuɗin tsayawa takara. Shekaru da dama muna ƙarƙashin babbar majalisar birnin Ankara, muryarmu tana ɓacewa a cikin hayaniyar Makola da Kaneshie. A 2018 aka yanke mana namu: Ayawaso ta Gabas, da hedkwata a Nima, da Ayawaso ta Arewa wadda Maamobi ke cikinta. Ofishin da a da sai an hau tirotiro a je tsakiyar gari, yau da ƙafa ake isa gare shi.

To me muka yi da wannan kusanci? A ranar 19 ga Disamba 2023 aka yi zaɓen Asambili na baya-bayan nan. Wanda ya zaga rumfunan zaɓe a ranar ya ga ma'aikata suna hamma. A faɗin ƙasa, irin wannan zaɓe kan samu kamar mutum ɗaya ne cikin uku na masu rajista. Shekara guda bayan haka, a babban zaɓen Disamba 2024, tun kafin asuba aka kafa layi, babura suna ta kaɗe-kaɗe a kan babban titin Nima har dare. Mun ba da ƙarfinmu duka ga kujerar da mai ita ba zai taɓa sanin lungunmu ba, mun hana ƙuri'a ɗaya ga wanda muke haɗuwa da shi wajen mai koko kowace safiya.

Wannan hali yana da tushe, kuma rashin adalci ne a ce lalaci ne kawai. Tun da Malam Amadu Futa ya sauka a wannan fili a farkon shekarun 1930, da izinin masu ƙasa na Osu, Nima ta girma ne a bayan iyakar birni, babu mai yi mata tsarin titi ko magudanar ruwa. Da aka shigar da ita cikin birni daga baya, gidaje sun riga sun cushe. Kakanninmu sun saba da cewa hukuma ba ta zuwa sai da sammaci. Sannan ga dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969, zamanin Busia, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mu da muke cikin shekarunmu na hamsin mun tashi ne a gidajen da ake nuna mana ɗakunan da masu su suka tafi ba su dawo ba. Darasin da iyayenmu suka ɗauka shi ne, kada ka rubuta sunanka a takardar gwamnati in ba dole ba. Har yau wannan tsoro bai gama fita daga jini ba. Ƙidayar 2021 ta ba Ayawaso ta Gabas mutum dubu 53 da 'yan kai, ta Arewa kuma dubu 63 da ɗoriya. Wanda ya taɓa ratsa lungunanmu da magariba zai yi mamakin ƙanƙantar wannan adadi, kuma mun san gidajen da aka ja labule da masu ƙidaya suka iso. Da waɗannan alƙaluma ne kuwa ake lissafin ajujuwa da gadajen asibiti.

Sai dai tarihinmu yana da wata fuska da ba a cika ba yara labarinta ba. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Ankara a 1939, Musulmin gari sun ga ba a yi musu daidai ba wajen rabon kayan gini, sai ƙungiyarsu ta fara sa baki a harkar mulkin birni. Daga baya suka tsayar da 'yan takara a zaɓen majalisun birane na Ankara da Kumasi, har suka ci kujeru. Daga nan aka samu jam'iyyar da Alhaji Amadu Baba na Kumasi ya yi fice a cikinta, kafin gwamnatin Nkrumah ta kore shi daga ƙasar a 1957, ta kuma haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Ba muna kira a farfaɗo da jam'iyyar addini ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, mutanen da yawancinsu allo kaɗai suka yi sun gane cewa siminti da kwano da rumfar kasuwa a majalisar birni ake rabonsu, suka nufi can kai tsaye.

Mun san abin da za a ce mana, don an sha faɗa a wannan zaure. Za a ce Asambili ba ta da haƙori. Shugabanta ba mu ke zaɓensa ba, Shugaban Ƙasa ne ke kawo sunansa, 'yan majalisa su amince da kashi biyu cikin uku. Za a tuna mana cewa an shirya ƙuri'ar raba-gardama ranar 17 ga Disamba 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen gunduma, wadda aka ɗaura zancen zaɓen shugabannin gunduma a kanta, sai aka soke ta ana saura makonni biyu. Za a ce kuɗin asusun bai-ɗaya yakan makara. Duk gaskiya ne. Za a kuma ce, ai an kafa mana ma'aikatar Zango da Asusun Raya Zango a 2017, me ya rage? Ma'aikatar dai ba ta wuce wa'adin farko na gwamnatin da ta kafa ta ba, a 2021 aka rufe ta. Asambili kuwa tana nan tun 1988, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, kuma ko a ranar da ba ta da ko sidi ɗaya daga sama, tana da ikon aiko mai tikiti bakin tiren mai ƙosai.

A nan ne maganar arziki ta shigo. Je ka kasuwar Nima ranar Laraba ka tsaya. Masara da gero da wake da shinkafa daga arewa, albasa daga Nijar, kayan yaji, kaji da zabi, 'yan mata masu dako da kwano a ka. Rabin masu dafa waken da Ankara ke alfahari da shi a nan suke awo, in ba mu yi ƙari ba. Kowace rumfa tana biyan tikiti, kowane shago yana biyan kuɗin izinin sana'a, kowane gida akwai harajin gini a kansa. Waɗannan kuɗaɗe su ne Asambili ke tarawa da hannunta, kuma kowace shekara sai an zauna an tsayar da adadinsu, an ji ta bakin masu biya, kafin majalisa ta zartar. Wannan shi ne zaman da muka ƙi zuwa. A irinsa ne mai sayar da albasa za ta iya miƙewa ta ce, mun yarda a ƙara, amma a rubuta cewa za a gyara wurin sauke kaya, don motar da ta kwana uku a hanya kada ta ƙara kwana tana neman inda za ta tsaya albasa tana ruɓewa. A irinsa ne tela da makaniki za su nemi a bambanta mai keken ɗinki ɗaya da mai goma. Wanda bai zo ba, an yanke masa, kuma doka ba ta ce a jira shi ba.

Haka zancen gota. Babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi ta girme wa mafi yawan masu karanta wannan shafi. Ruwanta yana gangarawa ya haɗu da Odaw a wajen Circle, inda a daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka fiye da 150. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin magudanan Odaw, Nima kuma tana cikin unguwannin da aka sa a tsarin gyarawa. Manyan ayyuka irin wannan daga sama suke zuwa, amma wane lungu za a fara shimfiɗa wa siminti, ina za a ajiye kwantenar bola, wa zai kwashe ta kuma sau nawa, duk a ƙasa ake tattauna su. Kowace gunduma tana rubuta tsarin ayyukanta na shekara huɗu, kuma wajibi ne a saurari jama'a kafin a kammala shi. Abin da bai shiga wannan kundi ba, da wuya ya ga kuɗi, ko da wasiƙarmu ta fi ta kowa daɗin Turanci. Shekara da shekaru muna rubuta wasiƙun roƙo bayan an rufe kundi. Mu kuma riƙa faɗa wa kanmu gaskiya: ledar da ke toshe gotar ba daga Asambili take fitowa ba.

Akwai wani abu da ya fi mana ciwo, shi ne yadda muka lalata kujerar asambiliman da hannunmu. Doka ta ɗora masa ya gana da mutanen mazaɓarsa kafin zaman majalisa, ya kai maganarsu, ya dawo ya ba su labarin abin da aka yanke. Mu kuwa me muke tambayarsa? Gudunmawar suna, kujeru da rumfa ranar addu'a, belin yaro daga ofishin 'yan sanda, kuɗin magani. Wanda ya fi zagaya bukukuwa da ambulan shi ne mutumin kirki a wurinmu, ko da bai taɓa buɗe baki a majalisa ba. Mun mai da wakili ya zama asusun taimako, sannan muna mamakin yadda malamin makaranta mai gaskiya ko ma'aikaciyar jinya mai kan gado suke gudun tsayawa. Mata kuwa, waɗanda su ne suka fi kowa biyan tikiti, a faɗin Gana ba su kai ɗaya cikin goma na zaɓaɓɓun 'yan majalisun gunduma ba. Magajiyar da ke iya tara mata ɗari biyu da anko cikin kwana uku, ba a taɓa ce mata ta tara ashirin su je zaman kasafi ba.

Mu dattawa da masu yi musu hidima muna da namu rabon. Mun fi son hanyar dare, a sa babbar riga a je gidan babban mutum a yi gaisuwa, a dawo da alkawari. Hanyar tana da daɗi domin tana ƙara wa mai rawani kwarjini, amma alkawarin dare ba ya shiga littafin kowa, kuma ranar da babban mutumin ya sauka daga kujera, da shi yake tafiya. A makarantar allo an koya mana girman shawara da nauyin amana. Ba mu ga inda aka ce shawara ta tsaya a ƙofar masallaci ba. Matasanmu kuma da ke kwana a majalisun shayi suna warware siyasar Amurka da ƙwallon Ingila, da yawansu sun yi karatun boko mai zurfi. Tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubutawa ya nemi ganin kasafin gundumarsa. Majalisar shayi ɗaya da za ta ɗauki wannan kasafi ta karanta, ta fassara shi da Hausa ta sa a WhatsApp, ta yi wa unguwa abin da wasiƙunmu na shekara ashirin ba su yi ba.

Idan aka bi lissafin shekara huɗu-huɗu, zaɓen Asambili na gaba zai faɗo a 2027. Kafin nan akwai zaman tsayar da kuɗaɗe, wanda akan yi a watannin ƙarshen shekara. Mun kai wa dattijonmu tsohuwar wasiƙar nan, ya sa aka karanta masa ita sau biyu, ya yi shiru, sannan ya ce a kira matan kasuwar da suka zo kuka a wancan karo. Mun gaya musu abin da ya faru. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta haife mu a shekaru, ta ce, "Malam, da ka ba ni takardar nan ai da na rufe rumfa na je." An tsayar cewa duk gayyatar da ta sake zuwa za a sanar da ita bayan sallar Juma'a, a kuma aika wa magajiya da shugabannin 'yan kasuwa kwafi a ranar da ta iso, sannan mutum uku za su je ko da ɗaurin auren wa ya faɗo a ranar. Sunan wannan baiwar Allah muka fara rubutawa a cikin ukun.