Zauren Kwamfuta: Wa Ya Hana Mu Yin Sallama da Hausa?

Yau da ƙorafi na zo.

Kwanan baya wani abokina ɗan Tsafe ya ɗora wa tsohuwar kwamfutarsa manhajar Linux. Ya cire tambarin da kan fito da zarar an kunna ta, ya sa dagin Arewa, a ƙarƙashi ya rubuta "Barka da zuwa, ɗan dakata kaɗan." Da ya nuna wa waɗansu abokanmu a Gusau, sai suka bushe da dariya, wai ƙauyanci ne. Ƙauyanci fa! Alhali kuwa su ɗin nan kullum safiya tambarin wani kamfani na Amurka ne ke tarbarsu, ba su taɓa cewa uffan ba.

To, bari mu bi maganar daki-daki. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, yana da shekara 21, watau tsaranmu, ya fara Linux a 1991. Lasisinta ya ba kowa izinin ya duba, ya gyara, ya raba. Hoton nan na farko kuwa, wata 'yar manhaja ce mai suna Plymouth ke nuna shi. Fedora ta fara aiki da ita a 2008, Ubuntu ta bi baya a 2010. Hotuna ne da ɗan fayil na rubutu, ba tsafi ba. Ita Ubuntu ɗin ma sunanta daga harsunan Zulu da Xhosa ya fito, ban ji wanda ya kira ta baƙauya ba.

Masu dariya suna cewa hoton ba ya wuce 'yan daƙiƙu, ciki kuwa Turanci ne zalla. Gaskiya ne. Amma laifin wa? Wanda ya share zaure, ko mu da muke karanta Hausa a jami'a muka bar tsakar gida da shara? Tun shekarun 1930 aka yi wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa, ga su nan cikin Unicode, amma har yau ɗalibin Hausa kan rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa".

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, tsofaffin injuna da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Irinsu ne a shagunan buga takardu daga Gusau har Bungudu. Ko dai a ci gaba da aiki da su ba tsaro, ko a koma wa manhaja irin Linux. In an koma, da wane harshe za ta tarbi yaron shago?

Ina roƙon Ƙungiyar Hausa, a zamanta na gaba, kowa ya zo da kalma 10 daga allon kwamfutarsa mu fassara, malamanmu su duba mana ƙa'idar rubutu. Abokina ya yi alkawarin kawo injinsa, masu dariya ma an gayyace su.