Senegal: Teku na cin gaɓar Saint-Louis, birnin da ke ciyar da yawon buɗe ido a arewa

Yawancin Hausawan da ke zuwa Senegal Kaulaha suke nufa, su yi ziyara su koma. Kaɗan ne ke haurawa arewa, inda kogin Senegal ke shiga teku. Amma can ne ƙasar ke da tsofaffin garuruwanta, kuma can ne yanzu ake fafutukar kada ruwa ya tafi da su.

Faransawa ne suka kafa Saint-Louis a 1659 a kan wani siririn tsibiri. 'Yan garin suna kiransa Ndar. Ya zama hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1895 zuwa 1902, kafin Dakar ta karɓe. Gadar ƙarfe ta Faidherbe, mai tsawon sama da mita 500, tana nan tun 1897. UNESCO ta saka tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, kuma bikin kiɗan jazz na kowace shekara yana cika otal-otal.

Matsalar tana hayin yamma. Tsakanin birnin da teku akwai wani dogon zirin rairayi, Langue de Barbarie, inda unguwar masunta ta Guet Ndar take, cike maƙil da jama'a. A watan Oktoban 2003 kogi ya cika, hukumomi suka haƙa mashigi mai faɗin mita 4 a zirin don ruwa ya wuce teku. Birnin ya tsira a wannan shekara. Sai dai mashigin ya ci gaba da buɗewa har ya kai kilomitoci, ya cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, ruwan gishiri ya lalata lambunan Gandiol, masunta da dama kuma sun mutu wajen ƙetare shi. Ana yawan ɗora komai a kan sauyin yanayi, kuma da gaske teku na tasowa, amma wannan ɓarna da hannun mutum aka fara ta.

A 2018 shugaba Macron ya zo ya yi alkawarin Yuro miliyan 15 don gina shingen duwatsu, Bankin Duniya kuma ya ɗauki nauyin sauya wa waɗanda igiyar ruwa ta rusa wa gidaje matsuguni a Diougop, can cikin tudu. Shingen ya rage ɓarna. Amma masuncin da aka kai nesa da kwalekwalensa, da me zai ci? Ga kuma iskar gas ta Grand Tortue Ahmeyim, wadda Senegal da Muritaniya suka fara fitarwa a 2025: masunta na kukan an killace musu wurin da suka fi samun kifi.

Tafkunan ma suna da nasu. Gandun tsuntsaye na Djoudj ya shiga jerin wuraren da ke cikin haɗari daga 2000 zuwa 2006 saboda wata ciyawar ruwa, bayan madatsar Diama ta hana ruwan gishiri haurowa. A kudu, kusa da Dakar, Lac Rose ya rasa launinsa bayan ambaliyar 2022, masu haƙar gishiri da masu kai baƙi suka ji a jikinsu.

A ganinmu, kuskuren hukumomi shi ne ɗaukar yawon buɗe ido a matsayin harkar Turawa kawai, masu zuwa lokacin sanyi su ɓace da an ji labarin tarzoma. Alhali Podor, mai tsohon sansanin soja na 1854, tana dab da Halwar, mahaifar Shehu Umarul Futi, wanda ya zauna a Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Maziyartan Tijjaniyya daga Nijar, Najeriya, Ghana da Kamaru suna shiga Senegal kowace shekara. Hanya mai kyau daga Kaulaha, masauki mai araha da jagoran da ke jin Hausa za su iya kai wasunsu har bakin kogin.