Gare du Nord: Yadda Paris ta fasa mayar da tashar jirgi kasuwa

Tashar Gare du Nord da ke arewacin birnin Paris ita ce mafi cunkoson matafiya a nahiyar Turai. Kimanin mutum 700,000 ne ke ratsa ta a kowace ranar aiki. A samanta jiragen Eurostar ke tashi zuwa Landan da Brussels da Amsterdam, tare da masu zuwa garuruwan arewacin Faransa. A ƙarƙashinta kuwa layin metro na 4 da na 5 ke wucewa, ga jiragen RER B da D masu kwaso ma'aikata daga unguwannin bayan gari. Ginin da ake gani a yau an yi shi ne tun a shekarun 1860, lokacin da babu wanda ya hango irin wannan taro.

Mafi yawan masu bin tashar ba baƙi ba ne masu jan akwati. Ma'aikata ne da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa daga yankuna irin su Seine-Saint-Denis, waɗanda ke sauka daga wannan jirgi su shiga wancan safe da yamma. Abin da ke gabansu shi ne mintocin da za su ɓata tsakanin jirgi da jirgi.

A 2018 kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, SNCF, ya zaɓi Ceetrus, reshen gine-gine na rukunin kantunan Auchan, domin sake fasalin tashar kafin wasannin Olympics na 2024. Ceetrus ya riƙe kashi 66 cikin 100 na kamfanin haɗin gwiwar, SNCF ya riƙe 34. Yarjejeniyar ta yi kyau a takarda: ɗan kasuwa zai zuba kuɗi, a ninka faɗin tashar kusan sau uku, shi kuma ya fanshe jarinsa daga hayar shaguna da ofisoshi na shekaru masu yawa.

A nan gizo ke saƙar. Wanda ribarsa ke fitowa daga shago yana son matafiyi ya daɗe a cikin gini, shi kuwa matafiyi yana son ya fice da wuri. A tsarin da aka zana, masu tafiya mai nisa sai sun hau bene sun ratsa jerin shaguna kafin su sauko inda jirgi yake. A watan Satumbar 2019 wasu fitattun masu zanen gine-gine, ciki har da Jean Nouvel, suka fito a jaridar Le Monde suna sukar shirin. Hukumar birnin Paris ƙarƙashin Anne Hidalgo, wadda da farko ba ta ƙi ba, ita ma ta juya masa baya, sai da aka rage girman aikin a 2020. Duk da haka kuɗin da aka ƙiyasta ya tashi daga yuro miliyan 600 zuwa biliyan 1.5, ya kuma tabbata ba za a gama kafin wasannin ba. A watan Satumbar 2021 SNCF ya soke yarjejeniyar.

Abin da ya biyo baya ƙaramin aiki ne na kusan yuro miliyan 50: gyaran matakalai masu tafiya da kansu, sabunta alamomin nuna hanya, faɗaɗa zauren Eurostar, da wurin ajiye kekuna sama da 1,000. Da wannan tashar ta karɓi baƙin Olympics. Sai dai matsalar asali tana nan, domin matafiya na ƙaruwa, ginin kuwa bai ƙaru ba. Masu goyon bayan tsohon shirin suna da hujjarsu: in ba kuɗin shaguna ba, sai dai a ɗora wa mai biyan haraji ko mai sayen tikiti.

Tara layuka a wuri guda yana da wani haɗarin kuma. Ranar 7 ga Maris, 2025, ma'aikata suka tono bom na Yaƙin Duniya na Biyu kusa da dogo a Saint-Denis. Jirage suka tsaya kusan yini guda, Eurostar ya soke zirga-zirgarsa ta Paris, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa hanyar zuwa aiki.

Batun bai yi mana nisa ba. A tashar Idu da ke Abuja, jirgin cikin gari, wanda aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020 ya dawo a 2024, yana haɗuwa da layin Kaduna. Yayin da gwamnatoci ke neman 'yan kasuwa su gina tashoshi su ci haya, ma'aikacin da zai sa hannu a kwangila ya kamata ya fara tambaya: minti nawa fasinja zai yi daga jirgi zuwa jirgi, kuma wa zai biya in kuɗin aiki ya ninka? Shi ma ɗan kasuwa ya dace ya san ko shagunan za su kai ga mai ƙaramin jari, ko manyan kamfanoni za su kwashe. Paris ta jinkirta waɗannan tambayoyi, ta yi asarar shekara uku.