Zafin Mai a Injin Matse Iska: Gargaɗi Ga Masu Injinan Casar Shinkafa

A yau injinan casar shinkafa na zamani ba sa aiki ba tare da injin matse iska ba, wanda makanikai ke kira kwamfaresa. Iskarsa ce ke fitar da baƙar ƙwaya da tsakuwa a cikin injin tantance launi. Abin takaici shi ne, mai masana'anta yakan kula da injin casa kamar ɗansa, amma ya jefa kwamfaresa a lungu inda ƙaiƙayi ke zuba. A ra'ayina, wannan sakaci asara ne, kuma yana iya gurɓata abincin jama'a.

Yawancin waɗannan injina ana fesa mai a cikinsu domin ya sanyaya iska, ya toshe kafofi, ya kuma hana ƙarafa cin juna. Man yakan yi aiki sosai idan zafinsa yana tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyas. Idan ya kai kusan digiri 110, injin yakan kashe kansa. Wasu makanikai sukan tsinke wayar da ke kashe shi don kada aiki ya tsaya. Wannan ganganci ne, domin duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanakin mai, sai ya yi kauri, ya daskare a jikin ƙarfe, wani lokaci ma gobara ta tashi.

Sanyi fiye da ƙima shi ma illa ne. Idan mai bai ɗauki zafi ba, laimar da ke cikin iska takan zama ruwa ta gauraya da shi, musamman da damina, sai tsatsa ta kama. Saboda haka ne aka sa bawul mai hana mai zuwa lagireto sai ya yi ɗumi. Kada a cire shi.

Sai batun matatar da ke raba mai da iska. Idan tana da lafiya, man da ke tserewa bai fi miligiram 3 ba a kowace mita kubik ta iska. Idan ta toshe, matsi yakan ƙaru, kuma ƙarin ba 1 yana cin kusan kashi 7 cikin 100 na wutar lantarki ko dizal. Idan ta fashe, mai zai bi bututu ya toshe bawulolin injin tantancewa, ya kuma fesu a kan shinkafar da za a kai kasuwa.

Na san masu cewa kayan gyara sun yi tsada. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Baƙin man mota yana kumfa a cikin kwamfaresa, yana kuma kashe matata da wuri.

Don haka a kiyaye waɗannan:

1. A ajiye injin a ɗaki mai shan iska, nesa da ƙaiƙayi.
2. A hure lagireto kowane mako, musamman da hunturu da bazara.
3. A rubuta zafin mai kullum a littafi.
4. A canza mai da matata bisa sa'o'in da kamfanin ya ƙayyade, a kuma yi amfani da man da aka amince da shi a harkar abinci.

Manomi ya sha wahala kafin shinkafa ta iso masana'anta. Bai dace a ɓata ta da mai a matakin ƙarshe ba.