Kafin Ku Sayo Na'urar Kiɗa, Ina Kaset ɗin Ɗan Maraya?

Kwanan nan an cika mana kunne da sabon yayi: na'urar da ake haɗawa da intanet ɗin gida, ta jawo waƙa mai tsantsar sauti kai tsaye zuwa lasifikar falo. Masu ita har cewa suke wanda bai mallaka ba bai taɓa jin kiɗa ba. Mu dai ba mu yarda ba.

A bar ma maganar data, da aka amince a ƙara wa kuɗi kashi 50 cikin ɗari a 2025, ga shi awa ɗaya ta irin wannan sauti na iya lashe gigabait guda. Me za ku saurara da ita? Yawancin waƙoƙin Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyinmu daga tsohon kaset aka kwafo su, aka matse su zuwa MP3, aka yi ta turawa hannu zuwa hannu har kuntigin ya koma kamar kukan sauro. Ƙaramin MP3 bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ke faifan CD ba. Abin da matsewa ta zubar, babu na'urar da za ta dawo da shi, ko daga Jamus aka sayo ta.

Tun 2015 Ɗan Maraya ya rasu. Ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa kuwa a nan Jos take. Masu kuɗin na'ura su fara ɗaukar nauyin kwafe faya-fayan garmaho da kaset na asali da ke lalacewa a akwatunan iyayenmu, a kai wa ma'ajiyar kwafi. Duk mai irinsu a gida ya tuntuɓi sakatare.