Ƙauyen Fim na Kofa Ya Tafi, Takardar Adabi Tana Nan

A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da dama suka yi tir da shirin a kan mumbari, mutane suka yi ca a Facebook, kafin shekarar ta ƙare aka soke shi. Har yau, duk sanda aka tayar da zancen matasan Kano ta Kudu masu sha'awar wasan kwaikwayo, 'yan bokon yankin sai su koma kan wannan takaici, kamar da an yi ginin da kowane yaro mai baiwa a Kiru ko Doguwa ya sami ƙofa. Wannan kuka ya zama mafakar lalaci. Abin da ke hana yaran nan karatun wasan kwaikwayo a jami'a ya fi ƙauyen fim arha nesa ba kusa ba, kuma ba a taɓa hana kowa gyara shi ba.

Makarantun dai suna nan kusa. Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora yana da hanyoyi uku a gabansa. Arewa ta kai shi Jami'ar Bayero, mai sashen wasan kwaikwayo. Kudu ta kai shi Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda aka fara koyar da fannin tun 1975. Hanyar Tudun Wada kuwa ta ratsa dajin Falgore ta Doguwa har Jos, inda jami'ar garin ke da irin wannan sashe, ga kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa. Yankuna kaɗan ne a Arewa ke zaune tsakiyar irin wannan arziki.

Abin da ke tare hanyar takarda ce. Mafi yawan jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ga mai son wannan fanni, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma a jarrabawar JAMB ma ana bukatar ya zauna wa Adabin. Ke nan ana yanke hukuncin tun a aji huɗu na sakandare, ranar da aka raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na fasaha, shekara uku kafin wani ya ce wa yaron ya hau dandamali a ga iyawarsa. Yarinyar da ke sa makaranta duka dariya a ranar rabon kyaututtuka, in ba ta ɗauki Adabi ba, ko ta ɗauka babu mai koyar da shi, sunanta ba zai kai gaban malaman sashen ba balle su gwada ta.

Duk da haka, shawarar da ake ba irin waɗannan yara ita ce "baiwa ba ta ɓuya, wata rana za a gan ka". Wannan magana daga kasuwar fim ta fito, inda furodusa ke duba fuska da murya a rana guda. A can ma yawanci ƙarya ce, a jami'a kuwa zalunci ne, don tana sa yaro ya kwashe shekarunsa yana kwaikwayon taurari a gaban waya, alhali littafin da zai buɗe masa ƙofa yana kwance ba a buɗe ba. Sashen jami'a yana horar da marubuta, daraktoci, masu tsara haske da sutura da dandamali, da masu bincike. Hawa dandamali kashi ɗaya ne cikin aikin.

A nan ne ɗan karkara ke da jarin da bai san darajarsa ba. Abin da ya yi wa Zariya suna shi ne fitar da wasa daga cikin ɗaki zuwa ƙauyuka irin su Soba, Maska da Bomo, inda ɗalibai da manoma ke haɗa wasa kan taki, ruwan sha da rikicin gona. Yaron da ya tashi yana shirya tashe a watan azumi, ya ga kalankuwa bayan kaka, ya san yadda ɗan kama ke riƙe taro da baki kawai, ya riga ya taɓa abin da ɗan birni zai karanta a littafi. Sai dai sanin da ba a rubuta ba, ba ya shiga fayil. Ya kamata a koya masa ya rubuta wasan da suka shirya, ya ajiye kwafi da kwanan wata, ya ɗauki bidiyonsa, ya karɓi takardar shaida daga malamin da ya kula da su. Ya karanta Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, har ya iya faɗin yadda aka gina kowanne. Inda ake ganawa da masu neman gurbi, wannan zai bambanta shi da saura. Inda maki kawai ake dubawa, shi zai riƙe shi a shekarar farko.

Masu tsoron lalacewar tarbiyya suna da hujjar da ta cancanci amsa. Amsar ita ce, yaron da aka hana digiri ba ya barin sha'awarsa, sai dai ya tafi masana'antar ba ilimi, ba mai tsawata masa. Wanda ya yi karatun kuwa shi ke rubuta wasannin rediyo kan rigakafi da zuwa awo, shi ke da ƙarfin da zai ƙi labari maras kan gado.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban garuruwa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna iya biyan alawus ɗin malamin Adabi guda, su sayi littattafan manhaja, su aika wanda ya san ƙa'idojin JAMB ya zauna da 'yan aji uku kafin a raba su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran izinin Abuja, kuma kuɗinsu duka bai kai na liyafar ƙaddamar da kalanda ba.