Buɗe iyakar Nijar: me ya rage wa matafiyin Matameye kafin Babbar Sallar 2021?

A ranar 17 ga Yunin 2021 gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum ta buɗe iyakokin Nijar na ƙasa, bayan wata 15 suna rufe saboda annobar korona. Kwana biyar kafin nan, Saudiyya ta sanar cewa aikin Hajjin 2021 ma na mazauna ƙasarta ne kaɗai, mutum 60,000, masu shekara 18 zuwa 65, waɗanda aka yi wa rigakafi. Labaran biyu sun iso Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, a daidai lokacin da 'yan ci-rani ke haramar komowa gida don shuka, fatake ke lissafin ragunan layya, 'yan garin da ke zaune a ƙasashen waje kuma ke duba farashin tikiti don yin Salla a gida, wadda ta kama wajen 20 ga Yulin 2021.

Duk waɗannan mutane tambayarsu ɗaya ce: idan mutum ya biya kuɗin tafiya yau, gobe aka sake rufe hanya, wa zai ɗauki asarar?

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya riƙe shi ne kowace iyaka ƙofa biyu gare ta. Hanyar da mutumin Matameye ya saba bi zuwa Daura da Kano ta Ɗan Barto take fita, ta shiga Najeriya ta Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agustan 2019, kafin kowa ya ji sunan korona, da hujjar hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. Da gwamnatin Muhammadu Buhari ta sassauta a ranar 16 ga Disamban 2020, iyakoki huɗu ta ambata: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Kwangwalam ba ta cikin jerin, haka ma Jibiya. A lokacin, wanda ke son shiga ta ƙofar da ke da tabbas a takarda sai ya zagaya ta Maigatari a jihar Jigawa. Sauran kuwa sun san abin da aka yi ta yi tun 2019: babur, hanyar daji, da kuɗin da ake miƙawa ba tare da rasit ba.

Ta arewa ma haka zancen yake. Aljeriya, inda mata da matasan gundumar Kance suka daɗe suna zuwa neman na kai, ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020. A ranar 1 ga Yunin 2021 ta buɗe wasu hanyoyin jiragen sama ƙalilan, tare da sharaɗin killace fasinja kwana biyar a otal da kuɗin aljihunsa, amma a lokacin iyakokin ƙasa sun ci gaba da zama a rufe. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu haɗarin bin hamada ta ɓarauniyar hanya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe a kan hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace.

A ɗaya gefen duniyar, akwai wasu matafiya da annobar ta rikita wa lissafi, wato masu yawon hutu a manyan jiragen ruwa, irin waɗanda ke ɗauke da ɗakunan kwana da gidajen abinci, suna zagaya tashoshin teku na mako ɗaya ko biyu. Duniya ta fara ganin ƙarfin cutar ne a ɗaya daga cikinsu, Diamond Princess, wanda aka tsare a tashar Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020 da mutum kusan 3,700 a ciki, sama da 700 suka kamu. A ranar 14 ga Maris na shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana irin waɗannan jirage tashi daga tashoshin ƙasar. A watan Agustan 2020 an gwada komawa daga Italiya, Ingila kuma ta biyo baya a watan Mayun 2021, da jiragen da ke kewaya gaɓar ƙasar kawai ba tare da sun leƙa wata ƙasa ba.

Bambancin arziƙi tsakanin wannan fasinja da mai hawa motar Matameye zuwa Damagaram a bayyane yake. Darasin yana cikin abin da ya faru da kuɗinsa. Da aka soke tafiye-tafiyen, manyan kamfanonin sun ba fasinja zaɓi: ko a mayar masa da kuɗinsa, ko ya karɓi takardar bashi ta wata tafiya nan gaba, wasu har da ƙarin kashi 25 cikin ɗari. A Tarayyar Turai doka ta tilasta wa mai shirya tafiya ya mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan shi ya soke. An yi jinkiri, an yi ƙorafe-ƙorafe, amma akwai yarjejeniya a rubuce da kotun da za a kai ƙara.

Maniyyacin Nijar ba ya da irin wannan rumfa. Da yawa daga masu niyyar sauke farali shanu suke sayarwa, ko amfanin gona na shekaru, ko kuma ɗa da ke Kano, Abidjan ko Faransa ya haɗa kuɗin kujera. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun 27 ga Fabrairun 2020, ta kuma taƙaita Hajjin 2020 ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar, bayan kusan mutum miliyan biyu da rabi sun yi aikin a 2019. Wanda ya ajiye kuɗinsa a hannun kamfanin jigilar alhazai tun farkon 2020 ya shiga shekara ta biyu yana jira a 2021, kuma a lokacin babu tabbacin cewa kuɗin kujera na gaba zai tsaya inda ya san shi. A nan ne ake buƙatar hukumar alhazai ta COHO ta fito fili da ƙa'ida guda: wanda ke son kuɗinsa ya karɓa cikin wa'adi sananne, wanda ya bar su kuma a ba shi takardar da ta nuna matsayinsa a jerin gaba.

Sai batun gwaji da rigakafi, waɗanda a lokacin suka zama fasfo na biyu. A watan Maris na 2021 shugabannin ƙasashen UEMOA suka daidaita kuɗin gwajin korona a kan jaka 25 na sefa ga mai hawa jirgin sama, jaka 5 ga mai bin ƙasa, kuma a lokacin sakamakon kwana biyar yake aiki. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar. Jaka 5 kuma kuɗi ne masu nauyi ga ɗan ci-rani, ga shi a lokacin gwajin ba a kowane gari ake yin sa ba, sai an je babban birni.

Su ma mazauna Turai da ke shirin zuwa Salla a 2021 akwai abin lura a gare su. Nijar ta fara rigakafi a ƙarshen Maris na 2021 da allurar Sinopharm ta ƙasar Sin, sannan ta karɓi AstraZeneca da aka haɗa a Indiya ta hanyar shirin COVAX. Takardar shaidar korona ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2021, ta ginu ne a kan alluran da hukumar magunguna ta Turai ta amince da su, kuma waɗannan biyun ba sa ciki a lokacin. A lokacin kowace ƙasa ce ke yanke ko za ta karɓe su. A lokacin, mai niyyar jinkirta allurarsa har ya zo gida zai iya komawa bakin aikinsa a matsayin wanda ba a yi wa rigakafi ba.

Abin da shekara ɗaya da rabi ta koyar shi ne sanarwar gwamnati kan sauya cikin dare ɗaya. Nijar ta fara rufe filayen jiragen Yamai da Damagaram ne na mako biyu kacal a watan Maris na 2020, ba a buɗe su ba sai 1 ga Agusta. Mai shirin tafiya ya nemi tikitin da ake iya ɗage ranarsa, ya karɓi rasit da sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce kafin ya biya kowane dillali, ya kuma tanadi guzurin ƙarin kwanaki ko da hanya za ta toshe a bayansa.

Babban aikin dai yana wuyan hukumomi. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen yankin 'yancin shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba, amma daga 2019 kowace ƙasa ta riƙa rufewa da buɗewa a ranar da ta ga dama. Mutumin Matameye, wanda Kano ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba, a 2021 yana jiran ranar da Abuja za ta faɗi matsayin Kwangwalam a fili.